Dokar kantin magani ba ta ƙare a Ɗangwauro ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman alfarmar ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan dokokin da suka shafi buɗe kantin magani da tafiyar da shi, da kuma irin riƙon da ake yi wa waɗannan dokoki a birnin Kano. Na daɗe ina aiki a ɗakin ba da magani na asibiti kafin in yi ritaya, kuma har gobe maƙwabta sukan kawo mini ledar magani su ce in duba musu, saboda haka maganata ta haɗa da abin da doka ta tanada da kuma abin da ido yake gani.

Duk mai bin labarai ya san abin da ya faru a watan Fabrairun 2024, lokacin da Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yanke hukuncin cewa 'yan kasuwar magani su tashi su koma cibiyar da aka gina musu a Ɗangwauro, a kan titin Zariya, sannan hukumar NAFDAC da hukumar PCN mai kula da sana'ar haɗa magunguna suka bi bayan hukuncin suka garƙame shaguna 1,321 a kasuwar Sabon Gari da Malam Kato da Mai Karami Plaza. An yi ta cece-kuce, an koka da tsadar shago da nisan wuri, kuma wasu daga cikin koke-koken suna da tushe. Sai dai matakin ba daga sama ya faɗo ba. Tun 1999 dokar yaƙi da jabun magunguna ta haramta talla ko sayar da magani a kasuwa da tasha da bakin titi da cikin mota, kuma tsarin rarraba magunguna na ƙasa ya tanadi a maye gurbin manyan kasuwannin magani na Kano da Legas da Anaca da Aba da cibiyoyin sari waɗanda hukuma za ta iya sa wa ido. Kano ce ta fara cika wannan sharaɗi, kuma wannan abin a yaba mata ne.

Damuwata ita ce tun daga wancan lokaci muka ɗauka an gama aiki. Ɗangwauro wurin sari ne, mara lafiya ba ya zuwa can. Uwar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi a Kurna ko Ɗorayi ko Sheka ko Rijiyar Lemo, kantin bakin layinsu take aikawa, kuma a kan wannan kanta ne ake gane ko doka tana aiki ko a takarda kawai take. Idan an tsabtace inda magani yake fitowa amma aka bar inda yake shiga hannun jama'a yadda yake, rabin aikin aka yi.

Da farko ya kamata jama'a su san cewa a wurin doka kantin magani iri biyu ne, duk da cewa mu duka kemis muke ce musu. Akwai famasi, wanda dole ne ya kasance ƙarƙashin kulawar masanin haɗa magunguna, wato mutumin da ya yi digiri a wannan fanni a jami'a irin su Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta nan Kano, ya yi shekara guda ta horon aiki, hukumar PCN ta yi masa rajista, kuma yana sabunta lasisinsa duk shekara. Akwai kuma ƙaramin kemis, wanda mai shi ba lallai ne ya karanci fannin lafiya ba, an dai ba shi lasisi ne ya sayar da wasu ƙayyadaddun magunguna da ba sa bukatar takardar likita. Dukansu biyu hukumar PCN ce take ba su izini, kuma dokar da aka sa wa hannu a 2022, wadda ta maye gurbin ta 1992, ta fito fili ta sa duk wani wuri da ake ajiye magani ko sayar da shi a ƙarƙashin ikon hukumar.

Sharuɗɗan famasi ba ɓoyayyu ba ne. Kafin a buɗe shi sai hukuma ta amince da wurin, har da tabbatar da cewa akwai tazarar mita 200 tsakaninsa da wani famasin, sannan masu duba gini su zo su ga faɗinsa da iskarsa da na'urar sanyaya ɗaki da firji da kantoci da wurin da mara lafiya zai zauna a yi masa bayani ba a gaban kowa ba. Dole a rataye takardar rajistar shagon da lasisin masanin da ke kula da shi inda mai shigowa zai gani, a kuma sabunta su kowace shekara. Babban sharaɗin da ya ɗauke nauyin sauran shi ne masani ɗaya, shago ɗaya, kuma aikinsa ke nan na yau da kullum, ba wai ya riƙe wani cikakken aiki a wani wuri ba.

Wannan sharaɗi shi ne aka fi yi wa hawan ƙawara, kuma masu ilimin ne suke yi, ba jahilai ba. Kowa a cikin sana'ar ya san yadda abin yake: mai kuɗi ya gina shago, ya nemi matashin da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba, su yi ciniki a kan lasisinsa na shekara, a cike takardu da sunansa, ranar da masu duba shago za su zo ya sa farar riga ya tsaya bayan kanta, daga nan kuma sai baɗi. Takardar tana nan a bango cikin gilashi, mai sunan kuwa yana Abuja ko Kaduna yana wani aikin. Na taɓa shiga wani babban famasi mai fitilu da tayil a cikin garin nan da takardar wani dattijo mai hawan jini da ciwon suga, na ce ina son magana da masanin da ke kula da wurin saboda akwai magunguna biyu a takardar da nake son a sake dubawa. Yarinyar da ke kanta ta ce ya fita. Na tambayi lokacin da zai dawo, sai ta waiwaya ta dubi abokin aikinta, shi kuma ya ce ai duk abin da nake so su ma za su iya ba ni. Ba su yi mini rashin kunya ba, kuma na tabbata ba su ga wani laifi a cikin amsarsu ba. Amma famasin da babu masani a cikinsa ƙaramin kemis ne da aka sakar wa manyan magunguna, ya ma fi shi haɗari, domin jama'a sun ba shi amanar da ba su ba ƙaramin ba. Ƙungiyar masana haɗa magunguna ta ƙasa, wato PSN, tana yawan kuka da masu kemis, kuma tana da hujja, amma a ganina sai ta fara share ɗakinta kafin kukan ya yi tasiri.

Shi kuwa ƙaramin kemis, iyakarsa a bayyane take. An yarda ya sayar da irin su farasitamol da maganin zazzaɓin cizon sauro na ACT da gishirin ORS da zinc na gudawar yara da makamantansu da ke cikin jerin da hukuma ta amince da shi, kuma ya sayar da su cikin kwalinsu ko katinsu kamar yadda kamfani ya fito da su. Ba a yarda ya yi allura ba, ba a yarda ya sa ƙarin ruwa ba, ba a yarda ya kwantar da mara lafiya ba, ba a yarda ya ajiye magungunan da sai da takardar likita ba, kuma ba a yarda ya rubuta a allonsa cewa shi famasi ne ba.

To, Malam Edita, ka tsaya a gaban kemis ɗin kowace unguwa bayan sallar isha'i ka gani. Za a aiko yaro da kuɗi a dunƙule a hannu, ya ce wai in ji Umma a haɗa mata na zazzaɓi da ciwon jiki na ɗari biyar. Wanda ke bayan kantar, sau da yawa ma ba mai lasisin ba ne, ƙaninsa ne ko yaron shagonsa, zai ɗauki almakashi ya yanko ƙwaya biyu daga wannan kati, biyu daga wancan, ya ƙara da kafso ja da yalo, ya zuba cikin 'yar leda ya ƙulle, ya ce a sha rabi yanzu rabi da safe. Bai ga mara lafiyar ba, bai san ko tana da ciki ba, bai san ko tana da gyambon ciki ba alhali ya sa mata maganin ciwon jiki mai cin ciki. A bayan labule kuma akwai benci da ƙusa a bango inda ake rataye ledar ƙarin ruwa. Jama'a suna kiransa likita, shi ma ya daina musantawa.

Wannan almakashi yana yin ɓarnar da mutane ba sa lura da ita. A jikin kowane kati akwai sunan magani da ƙarfinsa da lambar rukunin da aka sarrafa shi da ranar da wa'adinsa zai ƙare, kuma galibi a gefe ɗaya ake buga su, don haka da zarar an yanke katin babu mai iya sanin abin da aka sha, ko da likitan da za a kai wa mara lafiyar ne idan abu ya ɓaci. Sannan akwai maganar cikar magani. Babban mutum mai zazzaɓin cizon sauro, idan aka ba shi ACT irin mai ƙananan ƙwayoyi, guda 24 zai sha cikin kwana uku, huɗu-huɗu sau shida. Wanda aka yanko masa takwas zai ji sauƙi ya koma kasuwa, bayan kwanaki zazzaɓin ya dawo, sai a ce taifod ne a sake haɗa masa wani. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa matsalarsa ta wuce mai shan, domin kafso biyu ko uku suna kashe raunanan ƙwayoyin ne su bar masu taurin kai su hayayyafa, har a wayi gari maganin da ya yi wa iyayenmu aiki ya daina yi wa 'ya'yanmu. Dalilin da ya sa doka ta ce sai da takardar likita ke nan, ba don a wahalar da talaka ba.

Lambar rukuni da rasidin sari ba ado ba ne. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda aka gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara 84 a ƙasar nan. Idan irin haka ta faru, hanyar da hukuma take bi ta janye magani daga kasuwa ita ce ta bi takardu daga kamfani zuwa mai sari zuwa kanti. Kantin da yake saye a hannun mai yawo da kwali a bayan babur saboda ya fi araha, ba rasidi ba adireshi, ya yanke wannan hanya, kuma amfanin Ɗangwauro gaba ɗaya ya tashi a banza a kansa.

Akwai kuma zafi, wanda ba na jin ana ba shi muhimmancin da ya kamata. Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu a ajiye su a ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano yakan haura 40 a waje, balle a cikin shagon kwano da ba silin. Insulin na masu ciwon suga da allurar oksitosin da ake tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa suna bukatar firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Magani na gaske, mai lambar NAFDAC, wanda wa'adinsa bai ƙare ba, yana iya rasa ƙarfinsa a kan kanta ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Na san halin wutar lantarki, na san kuɗin man janareta da na sola, amma wanda ba zai iya riƙe firji a kunne ba bai kamata ya ajiye maganin firji ba. Mai duba shago da ya ga firji ya yi maki ya wuce, bai buɗe ya taɓa ba, bai nemi takardar da ake rubuta sanyinsa safe da yamma ba, shi ma bai yi aikinsa ba.

Maganar ƙwayoyin da ake bugarwa da su kuwa mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta yi wanda ya nuna yadda kwalaben suke fita daga hannun masu sana'ar zuwa hannun matasa. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da su a Najeriya, Kano kuma tana cikin jihohin da abin ya fi kamari. Tiramadol ɗin da NAFDAC ta amince da shi mai ƙarfin 50 ne da 100, duk wanda ka gani mai 200 ko 225 haramtacce ne. Shi halattaccen ma, da irin su diyazifam da allurar fenta mai kashe raɗaɗi, doka ta ce a kulle su a kabad na musamman a famasi, a ba da su da takardar likita kawai, a rubuta kowane a littafi da sunan wanda aka ba da wanda ya rubuta da adadin da ya rage. Wannan littafi shi ne abu na farko da ya kamata mai bincike ya nema, ya ƙirga abin da ke kabad ya gwada da abin da aka rubuta. Hukumar NDLEA tana kama matasa a kango da bakin kududdufi, kuma aikinta ne, amma ƙwayar ba a kangon aka sarrafa ta ba.

Hukuncin da ke cikin dokar 1999 ga mai sayar da jabun magani shi ne tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko duka biyun. A wancan zamani wannan kuɗi ne mai nauyi, yau kuwa bai kai kuɗin kwali kaɗan na magani ba, kuma matuƙar alƙali yana da zaɓin tara, mai laifi zai biya ya koma shagonsa. Wannan gyara ne da ke wuyan 'yan majalisarmu na tarayya, kuma Kano, jihar da ta fi kowace yawan kujeru a Majalisar Wakilai tare da Legas, ba ta da uzurin yin shiru.

Kada a fahimce ni a matsayin mai neman a rufe ƙananan kemis. Masana haɗa magunguna ba su da yawa, waɗanda ake da su kuma sun taru a cikin birni, a unguwannin da ake da kuɗi. Mai kemis shi ne yake buɗe da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, shi ne yake ba da bashi, shi ne ya san gidan kowa, kuma da yawansu mutanen kirki ne masu tura mara lafiya asibiti idan sun ga abin ya fi ƙarfinsu. Wanda zai je asibitin gwamnati ya yanki kati ya bi layi tun asuba, ya rasa cinikin yini guda, ba wauta ce take kai shi kemis ba. Hukumar PCN ma ta gane haka, shi ya sa ta fito da tsarin raba masu kemis hawa uku, inda wanda ya karanci aikin jinya ko lafiyar al'umma ko fasahar haɗa magunguna zai iya yin abin da wanda bai karanta ba ba zai yi ba. Tsari ne mai kyau, amma mutanen unguwa ba su san da shi ba, kuma babu wata alama a ƙofar shago da za ta nuna musu hawan da mai shagon yake.

Nan ne nake ganin gyara ya fi sauƙi kuma ya fi araha. Doka tana Turanci, lasisi yana Turanci, an rataye shi can sama kusa da silin ƙura ta rufe shi, mai sayen magani kuwa ko ya gani bai san abin da zai nema a jiki ba. Me zai hana a wajabta wa kowane kanti ya liƙa takarda da Hausa, boko da ajami, daidai idon mai shigowa, mai ɗauke da hoton mai lasisin da shekarar lasisin da abin da aka hana shi yi da lambar wayar kai ƙara? Gidajen rediyon Kano suna da masu sauraro fiye da kowace takardar sanarwa, kuma da za a riƙa bayyana wa mutane cewa allura a kemis laifi ne, cewa suna da ikon tambayar ina masanin yake, cewa su kankare katin da ke jikin maganin zazzaɓi su tura lambar ta waya don tabbatar da ingancinsa, da jama'a da kansu sun zama masu sa ido. Masu unguwanni da dagatai sun san duk shagon da aka buɗe a yankinsu, kuma ba zai gagara ba a ce mai gida ya ga takardar amincewar hukuma kafin ya ba da hayar shago don sayar da magani.

Salon binciken shi ma yana son gyara. Abin da muka saba gani shi ne samame: a zo da motoci da 'yan sanda da 'yan jarida, a rufe shaguna ɗaruruwa cikin mako guda, a sanar da adadi, sannan a yi tsit. Labari yana riga motocin isa, sai ka ga layi guda an ja ƙofofi an kulle, bayan la'asar a buɗe. Ƙungiyar masu kemis ta NAPPMED tana da rassa a ƙananan hukumomi kuma ta san 'ya'yanta, don haka a ɗora mata alhakin fitar da bara-gurbi, a kuma riƙa bincike kaɗan-kaɗan duk mako ba tare da sanarwa ba. Haka nan a rarrabe wa masu shaguna aikin kowace hukuma, domin mai kemis ɗin da yau wannan ya zo da rasidi, gobe wancan ya zo da nasa, yakan ƙare da ɗaukar doka a matsayin kuɗin da ake biya a rabu da mutum lafiya, ba ƙa'idar da ake bi ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka tura wakilinka ofishin hukumar PCN na Kano ya nemo jerin famasi da ƙananan kemis da suka sabunta lasisinsu a bana, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a fara da takwas ɗin da ke cikin birni da kewaye, ku buga shi a wannan jarida. Ya kuma tambaye su shaguna nawa daga cikin waɗanda aka rufe a samamen baya aka sake buɗewa, da sharaɗin da suka cika kafin a cire musu kwaɗo.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ɗakin magani,
Gwammaja, Kano.